FILIN BARISTA: Lauya a bakin boda, me zai ci kuma me zai koyar?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake saduwa. Wannan watan saƙonni sun taru, wasu ta WhatsApp wasu kuma a takarda aka ba direbobin Gumel suka kawo min har ofis, huɗu kawai zan iya ɗauka, sauran ku yi min afuwa sai fitowa ta gaba. Ta farkon ta ja ni da nisa don kamar ni na rubuta wa kaina ita shekara shida da suka wuce.

TAMBAYA: Salam Yaya Barista, ya aiki ya damina. Ni ƙaninka ne daga wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar, na gama digirin lauya na je makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda na fito, bara aka rantsar da mu, yanzu haka saura wata biyu na gama bautar ƙasa. Tun muna makaranta zuciyata tana kan harkar haƙƙin ɗan Adam da dokar shige da fice, kuma ina son na koyar ma in Allah ya yarda. To matsalar duk wanda na faɗa wa sai ya kama dariya, abokaina suna cewa ai wannan fannin 'yan Legas da Abuja ne masu nema wa mutane bizar Kanada, wai a ƙauyenmu wa zai kawo min irin wannan kes ɗin, Baba kuma cewa yake na nemi aikin gwamnati kawai na huta. Kai da kake haɗa koyarwa da zuwa kotu don Allah ka faɗa min tsakani da Allah, ana ci a ciki? Kuma ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa wa karatu albarka. Abokan nan naka masu dariya ka tambaye su nisan da ke tsakanin ƙofar gidanku da Nijar, ai ku a babur ma sai mutum ya je ya sha fura ya dawo bai rasa la'asar ba. Yaron da ya tashi a inda za ka ga gona ɗaya kanta yana Najeriya ƙarshen kunyarta yana Nijar, kakarsa 'yar Magarya ce, gwaggonsa tana aure a Dungas, shi ake ce wa babu kes ɗin shige da fice a garinsu? Akwai shi jibge, kawai dai ba ya zuwa da sunan da aka koya mana a aji ne, ba ya shigowa da kwat da jaka, da silifas yake zuwa ya tsuguna a ƙofar ofis ya ce Barista an riƙe min yaro.

Bari na ba ka labarin na farko da na yi da hannuna. Ina ɗan shagon da na kama kusa da tasha, tebur ɗaya kujera biyu, fanka ma babu, ranar wata Asabar wani dattijo ya shigo ya ce tun ranar Alhamis da aka tashi kasuwar Maigatari aka sauke ɗansa daga mota a wani shingen bincike a hanya, an ce ba ɗan ƙasa ba ne. Laifin yaron shi ne bakinsa. Tun yana shekara bakwai aka kai shi karatun allo wajen kawunsa a ƙasar Damagaram, da aka tambaye shi ko ya yi makaranta sai ya ce bai yi lakwal ba, da aka ce ina katinka sai ya ce bai da kartidante, wato makarantar boko da katin shaida a Hausar Nijar, shikenan aka ce sauko. Ni kuma ɗan sabon lauya jini yana tafasa, daren nan ban yi barci ba, na zauna na haɗa takardar ƙara ta kai shafi goma sha biyar, na zuba sashe na 35 da na 41 na kundin tsarin mulkin 1999, na ƙara da Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam, ina ji a raina gobe sai na girgiza ƙasar nan. Da safe dattijon ya dawo ya cire hularsa, ya zaro wata leda da aka naɗe ta kai sau biyar, a ciki akwai rasit ɗin harajin da mahaifinsa ya biya tun zamanin En'e, takardun sun yi ja sun yi laushi kamar ganyen kuka, ga sunan ƙauyen ga sunan dagacin lokacin. Ka san Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, lokacin Jigawa tana cikin Kano don sai 1991 aka cire ta, to ka ga duk rasit ɗin da ka gani irin wannan ya haura shekara arba'in. Muka biya ta gidan dagaci ya rubuta mana wasiƙa ya buga hatimi, ya haɗa mu da mai unguwa, muka je wurin na gaishe da babban jami'in cikin ladabi na miƙa masa takardun, na ce ranka ya daɗe yau kwana uku ke nan kuma ka fi ni sanin abin da sashe na 35 ya ce. Ko awa ɗaya ba a yi ba aka fito da yaron. Shafi goma sha biyar ɗin nan har yau suna cikin durowa, ban taɓa shigar da su ba. Bayan sati dattijon ya aiko min da ƙwan zabi a ƙwarya an zuba dusa kar su fashe, wannan shi ne kuɗin aikina na farko a fannin.

Kar ka ɗauka ina cewa karatun banza ne, da ban san sashen ba da ba a saurare ni ba. Sashe na 35 ɗin nan ka haddace shi kamar Fatiha: wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu mai hurumi a cikin kilomita 40, in babu kwana biyu, kuma wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da ba da haƙuri a bainar jama'a. Sashe na 41 kuma ya ce ɗan ƙasa yana da 'yancin zuwa ko'ina a Najeriya ya zauna, ba a korarsa daga ƙasar ba a hana shi shigowa. Kuma abin da ya faru da yaron nan ba sabo ba ne, ya taɓa faruwa da babban mutum ma. A watan Janairun 1980 gwamnatin Shagari ta sa aka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno ɗan jam'iyyar GNPP, aka tsallakar da shi Chadi wai ba ɗan Najeriya ba ne. Babbar kotu a Maiduguri ta ce ɗan ƙasa ne, korar haramtacciya ce, ya dawo. Wannan shari'ar ita ce darasin farko da nake ba ɗalibaina duk shekara, don in za a yi wa shugaban masu rinjaye haka to ina ga ɗan kiwo da ba shi da ko katin zaɓe. Ko a ƙarshen Agustan 2019 ma ai ka tuna mutum 123 'yan Jigawa da aka tare a Legas a cikin babbar mota da baburansu, 'yan ci-rani ne kawai, daga baya aka sake su. Wannan ma sashe na 41 ne zalla.

Sannan ita bodar kanta ba ta zama wuri ɗaya, wanda duk zai yi aikin nan sai ya riƙa bin labarai kamar ɗan jarida. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ya yi kwana 90 ba biza. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, sai tsakiyar Disambar 2020 aka buɗe Maigatari tare da Illela da Seme da Mfum. Aka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. Ranar 29 ga Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS baki ɗaya, duk da ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku har sai ta sanar da wani abu daban. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ranakun a Abuja labari ne na rediyo, a wajenmu kuwa dillalin shanu ne da aka riƙe, amarya ce da ba a iya kawowa ba, gawa ce da aka rasa yadda za a tsallaka da ita. Kai kana zaune a tsakiyar abin, lauyan Abuja sai ya hau mota awa bakwai kafin ya ga abin da kake gani ta tagar ɗakinku.

Yanzu maganar ci, tunda ka ce tsakani da Allah. Ba a ci, aƙalla dai a shekarun farko. Wanda aka tauye wa haƙƙi yawanci wanda ba shi da shi ne, da yana da shi ai da ba a taɓa shi ba tun farko. Kuma ko ka kai ƙara ka yi nasara kotu ta yanke diyya, karɓo kuɗin wata shari'ar ce daban, don dokar da ta tsara aiwatar da hukunci a sashenta na 84 ta ce kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ba a taɓa shi sai da amincewar Antoni Janar, wato ka je ka roƙi lauyan gwamnati ya ba ka izinin cire kuɗi daga aljihun gwamnati, sai ka lissafa da kanka. Ni abin da yake riƙe da ni har yau shi ne rubuta yarjejeniyar cinikin gona da fili, takardar haya, yi wa 'yan kasuwar riɗi da zoɓo rajistar kamfani, rabon gado in an kira ni, da ɗan abin da koyarwa take kawowa. Da kuɗin waɗannan nake zuba mai a babur na je caji ofis kyauta. Ka koyi wannan aikin da kyau kar ka raina shi, kuma duk rintsi ka biya kuɗin lasisinka na shekara kafin 31 ga Maris, ka karɓi sitam ɗinka, don ba abin kunya kamar lauyan ɗaya ɓangaren ya miƙe ya ce takardunka ba su da hatimi.

Koyarwa kuma, hmm. Ranar farko da na shiga aji a wata kwaleji da nake zuwa kwana biyu a sati, na zo da not ɗin da na kwafo daga littattafan Turawa, ina ta zuba Turanci a kan Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 da ta ƙungiyar haɗin kan Afirka ta 1969, da ƙa'idar nan da ta hana mayar da mai neman mafaka inda za a cutar da shi. Minti arba'in ina magana, ajin shiru, wasu suna gyangyaɗi wasu suna danna waya a ƙarƙashin benci. Can baya wani dattijo, magatakardan kotun shari'a ne da ya zo ƙaro karatu, wallahi ya girmi babana, ya ɗaga hannu ya ce Malam gafarta, wannan abin da kake ta faɗa ba shi ne amana da ake ba musta'mini ba? Ya karanto aya ta 6 a Suratut Tauba, inda aka ce in wani daga mushirikai ya nemi mafaka a wurinka ka ba shi, sannan ka isar da shi inda zai samu aminci. Na tsaya sororo da alli a hannu. Abin da na kasa fahimtar da su a minti arba'in ya gama shi a minti ɗaya, nan take ajin ya farka, wannan ya kawo hijirar Habasha da yadda Najjashi ya ƙi miƙa Sahabbai ga 'yan aiken Ƙuraishawa, wancan ya kawo labarin 'yan Borno da suka zauna a garinsu lokacin Boko Haram. Tun daga ranar na daina fara darasi da littafi. Yanzu ina shiga sai na ce wa yake da ɗan'uwa a Saudiyya da ba shi da igama, wato takardar izinin zama, hannuwa su tashi, wa ya san wanda ya bi ta Agadas, wasu hannuwan su tashi, daga nan sai mu buɗe doka mu ga me ta ce a kan waɗannan mutanen da muka sani da sunansu. Kes ɗin da na yi ranar Litinin shi nake kai wa aji ranar Laraba bayan na cire sunaye da garin, tambayar da ɗalibi ya ƙure ni da ita ranar Laraba kuma sau da yawa ita lauyan gwamnati yake jefo min a kotu. Kuɗin koyarwar dai kar ka ɗora tukunya a kansa, na taɓa yin zango biyu cur kafin na ga na farkon.

Ta inda za ka fara: kar ka yi irin tawa ka buɗe shago kai kaɗai daga fitowa, na sha wuya a banza. Ka samu babban lauya a Kano ko Dutse da yake zuwa kotu da gaske ka zauna a ƙarƙashinsa ko shekara biyu ce, ka ɗauki jaka ka ga yadda ake yi wa shaida tambayoyi. Ka saba da Babbar Kotun Tarayya, don sashe na 251 ita ya ba hurumin maganar zama ɗan ƙasa da korar baƙi da fasfo da biza. Ka karanta dokar shige da fice ta 2015 daga bango zuwa bango, da ƙa'idojin shigar da ƙarar haƙƙin ɗan Adam na 2009 da aka yi zamanin Alƙalin Alƙalai Idris Legbo Kutigi, su ne suka buɗe ƙofa wani ya shigar da ƙara a madadin wanda yake tsare kuma suka cire maganar wai lokaci ya wuce. Ka je ofishin hukumar ba da agajin lauya kyauta ka ce kana so a riƙa ba ka kes, ba za su kore ka ba, hannu suke nema. In kana son koyarwa a jami'a kuma sai ka koma ka yi digiri na biyu, ba makawa. Ka kuma koyi ɗan Faransanci ko na karanta takarda ne, don rabin takardun da za a kawo maka daga tsallake da shi aka rubuta su, ni sai da wani mai sayar da shayi ɗan Tasawa ya riƙa fassara min takardar haihuwa kafin kunya ta sa na nemi malami.

Maganar Baba kuma kar ka yi masa gardama, ba ƙarya ya faɗa ba, albashi yana da daɗi. Amma ka sani kafin ka sa hannu, dokar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin kundin tsarin mulki ta hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da wata sana'a tasa in ba noma ba. Akwai wani umarni na 1992 da ya keɓe malaman da ke koyar da lauyanci ya ba su damar zuwa kotu, lauyoyi suna ta jayayya a kan ko yana nan da ƙarfinsa bayan zuwan kundin 1999. Ni shi ya sa na tsaya a koyarwar wucin gadi. Ka gaishe min da Baba, ka ce masa ɗansa ba zai yi kuɗi da wuri ba amma ƙwan zabi kam ba zai yanke a gidan ba.

TAMBAYA: Barista barka da aiki. Ni mace ce daga wani ƙauye kusa da Ɓaɓura, mijina mutumin Nijar ne, shekararmu goma sha tara da aure, a nan yake noma yake kasuwancin awaki, 'ya'yanmu shida duk a ɗakina na haife su. Babban ya gama sakandare ya je neman takardar shaidar ƙaramar hukuma aka ce masa wai shi ɗan Nijar ne ya je can ya nema. Yaron nan ya dawo yana kuka ko abinci bai ci ba. Shin da gaske 'ya'yana ba 'yan ƙasa ba ne? Shi kuma maigidan fa?

AMSA: Hajiya ki share masa hawaye, 'ya'yanki 'yan Najeriya ne na haihuwa su shida ɗin, babu wanda ya fi su. Sashe na 25 na kundin tsarin mulki cewa ya yi duk wanda aka haifa a Najeriya bayan samun 'yancin kai, wanda ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne. Ɗaya daga ciki aka ce, ba a ce sai uba ba. Ko da a Magarya kika haife su ma jininki ya ishe su. Kuma sashe na 28 bai hana wanda yake ɗan ƙasa ta haihuwa riƙe ƙasa biyu ba, don haka ko sun karɓi takardun ƙasar babansu ba su rasa ta nan ba. Abin da yake rikita ma'aikata shi ne al'adarmu ta cewa ɗa na uba ne, sai su ɗauki al'ada su ɗora a kan doka, alhali takardar asalin ƙaramar hukuma daban zama ɗan ƙasa daban. Ki sa yayanki ko kawunki, wanda dai aka sani a garin, ya raka yaron wajen mai unguwa da dagaci a rubuta cewa ke 'yar garin ce gaba da baya, a haɗa da takardar haihuwarsa ta hukumar ƙidaya da lambarsa ta NIN da taki takardar, a koma. In an sake hana shi ku ce a rubuta muku dalilin hanawar a takarda a sa hannu. A ɗan abin da na gani, daga an ce a rubuta sai murya ta sauka.

Maigida kuwa nan ne dokar tamu ta yi son kai, kuma ina faɗa ko a gaban waye. Sashe na 26 ya ba matar da ta auri ɗan Najeriya damar zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, amma bai ba mijin da ya auri 'yar Najeriya ba. A watan Maris na 2022 aka kai ƙudurin gyara wannan gaban majalisar tarayya aka kayar da shi. Hanyar da ta rage masa ita ce ta sashe na 27, wadda take buƙatar zaman shekara 15 a ƙasa, da shaidar kyawun hali, da gwamna ya gamsu cewa mutanen wurin sun karɓe shi, sannan shugaban ƙasa ya sa hannu. Doguwar hanya ce mai cin kuɗi. Abin da ya fi gaggawa shi ne ya tabbata takardunsa na Nijar ba su mutu ba, ya kuma je ofishin shige da fice na Dutse da ƙafarsa ya nemi takardar izinin zama, musamman yanzu da ƙasarsu ta fita daga ECOWAS. Gara ya je da kansa da rana tsaka da a tare shi a hanyar kasuwa.

TAMBAYA: Barista ni matashi ne daga Ɗambatta, akwai wani a Facebook ya ce lauyan shige da fice ne, zai yi min bizar aiki ta Ingila in na tura rabin kuɗi. Ko kai za ka iya yi min da sauƙi?

AMSA: Ba zan iya ba ƙanena, shi ma ba zai iya ba. Biza ƙasar da za ka je ita take bayarwa, babu lauyan da yake da ita a aljihu, abin da lauya zai yi maka bai wuce duba takardu da ba da shawara ba. Ka tambaye shi cikakken sunansa da shekarar da aka rantsar da shi da adireshin ofishinsa ka ce za ka zo da kawunka, ka ga in bai toshe ka ba. Kar ka sayar da babur ɗinka.

TAMBAYA: Yaya Barista don Allah a taimaka. Yayata bazawara ce mai 'ya'ya uku, wata ejan ta kai ta Saudiyya aikatau wata tara da suka wuce, aka ce gida ɗaya za ta yi wa aiki, ashe gidaje uku ake kai ta, matar gidan ta karɓe fasfonta, wata huɗu ba a ba ta ko riyal ɗaya ba. Ta ce za ta gudu. Ita kuma ejan ɗin ta ce in ta gudu sai Babanmu ya biya duk kuɗin jirgi da biza ko ta sa a kulle shi, don ya dangwala hannu a wata takarda. Baba tsoho ne ko barci ba ya yi. Ƙanwarka daga ƙasar Ringim.

AMSA: Ƙanwata Allah ya kawo mafita. Fara da kwantar wa Baba hankali, babu mai kulle shi a kan wannan. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya, ta kuma hana kama wani a madadin wani, haka ma dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta faɗa. In ejan tana ganin tana bin kuɗi kotu za ta je, kuma ina tabbatar miki ba ta son kotu, don a can za a tambaye ta lasisin ma'aikatar ƙwadago da ya ba ta izinin fitar da mutane aiki ƙasar waje, a kuma tambaye ta yadda gida ɗaya ya koma uku. Kai mutum aiki da yaudara yana cikin abin da dokar hana safarar mutane ta 2015 take hukuntawa, hukumar NAPTIP kuma tana da ofishin shiyya a Kano, ku je ku shigar da ƙorafi a rubuce. Sau da yawa ita ejan ɗin da kanta take kiran abokan harkarta na can a saki yarinya in ta ji wuta ta matso kusa da zaninta.

Ita kuma Yaya ki gaya mata kar ta fita titi haka kawai ta shige cikin 'yan takari. Daga ta fita mai gidan zai kai rahoton ta gudu, daga nan ta zama mai laifi a idon hukumarsu, ba aiki a fili ba asibiti cikin kwanciyar hankali, ƙarshenta tarhil, wato a kama ta a koro ta gida. Riƙe fasfon ma'aikaci ko a dokar Saudiyya ba daidai ba ne, don haka ita ce mai gaskiya a yanzu, kar ta zubar da gaskiyarta. Ni lauyan Najeriya ne ba ni da ikon tsayawa a kotunsu, abin da za mu iya daga nan shi ne mu rubuta wa ofishin jakadancinmu na Riyad ko ƙaramin ofishin da ke Jidda, da hukumar 'yan Najeriya mazauna ƙasashen waje, su ne za su iya bin haƙƙinta su ba ta takardar tafiya ta gaggawa in fasfon bai fito ba. Ba ya sauri, sai an yi ta bibiya, amma yana yiwuwa. Kafin nan ta turo miki sunan garin da unguwar da take, da sunan mai gidan da lambar igamarta in ta sani, ta riƙa rubuta ranakun da aka kai ta kowane gida da watannin da ba a biya ta ba, ta goge saƙon daga wayarta bayan ta tura. Ke kuma kar ki goge ko muryar ejan ɗaya da ta turo tana barazana, ki tura su wata wayar ma ki ajiye. Takardar nan da Baba ya dangwala wa hannu ki ɗauko min hotonta gaba da baya ki turo ta lambar mujalla, in kuma babu kwafi a hannunku ki gaya min su waye suka zauna a wurin ranar da aka dangwala.